Ranar da Litinin Ta Faɗa wa Itacen Bedi

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da Ingilishi a kwalejojin Yamai, kuma kowace shekara, daidai lokacin da zafi ke sa yara barci ido buɗe, sai manhaja ta kawo mu darasin yanayi. Nakan ja layi in raba allo biyu. A hagu in rubuta thunder, a dama in rubuta lightning. In ce musu ta hagu ƙara ce kawai, ba ta ƙona bukka, ba ta kashe ko ɗan tsako. Ta dama ita ce wutar, ita ce mai ɓarna. Sukan kwafe cikin kaye, wato littafin rubutu, su maido mini da shi ranar jarrabawa, amma ban taɓa samun aji guda da ya yarda da ni ba. Kowane ɗalibi yana da wani kawu a ƙauye wanda tsawa ta kashe masa saniya, kuma ba wanda ya taɓa jin walƙiya ta taɓa kowa. A wurinmu walƙiya ƴar aike ce, ta haska ta wuce.

Faransawa a nan sun fi kusa da mu, domin suna da kalmar ƙara daban, ta haske daban, ta abin da ke faɗowa daban. Mu kuwa mun wuce su. Muna da cida, wadda ke gunaguni daga nesa, muna da tsawa, muna da aradu, muna da kwarankwatsa, har biyun ƙarshe sun yi mana yawa mun mai da su kayan rantsuwa. Ingilishi ne ya ɗora wa lightning aiki biyu, ya bar thunder tana yawo da babbar murya ba aikin fari, kamar wasu sufetocin makaranta da na sani. Yara kuma ba su taɓa kiran ta da sunanta ba. Tanda suke cewa, kuma ba a rasa wani a bencin baya da zai tambaya ko da masa take zuwa.

Na ajiye alli na yi ritaya ina da yaƙinin cewa cikin duk abin da na koyar, wannan darasi ne ba zai taɓa yi wa kowa amfani ba.

A damina ta biyu bayan haka, ran wata Talata bayan la'asar, ƙanin mai ɗakina ya zo gidanmu a unguwar Dar es Salam. Direba ne, magidanci mai ƴaƴa biyar, yana zaune a unguwar Bobiel, yana jan farar mota ta wata ƙungiyar agaji da ke da biro, wato ofis, a unguwar Plateau. Tun da na auri yayarsa bai taɓa kirana da wani suna ba sai Mushe Angile, wato Malam Ingilishi da bakin Faransanci, kuma ba don girmamawa ba. Al'adarsa in ya shigo, tun daga ƙofa yake shelar cewa na ramar masa da ƴar'uwa, a fito masa da abin da aka ɓoye a tukunya. Ran nan sai ya yi sallama sau biyu, ya jira aka amsa, ya durƙusa ya gaishe ni har da tambayar ƙafata mai ciwo. Na ce wa mai ɗakina ta fito, ƙaninta ba lafiya.

Ga abin da ya faru. Jiya Litinin an aike shi bayan gari, yana dawowa hadari ya taso, irin na farkon damina mai kwashe kwanon rufi. Ya rubuta wa sakatariyar biro saƙo ta waya cewa hadari ya tare shi, zai makara. Sannan ya raɓa motar ƙarƙashin wani babban bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro, ya kashe ta. Bai gama jingina da kujera ba aradu ta faɗa wa itacen, reshe ya tsage ya sauko kan motar, ya lotsa rufi, ya farfasa gilashin gaba. Shi ko ƙwarzane bai samu ba. Da ruwa ya tsagaita ya ja motar da baya ya zare ta, ya lallaɓa zuwa Plateau yana leƙe ta taga.

Kafin ya isa, sakatariya ta riga ta karanta saƙonsa ta gaya wa shugabarsu cewa direba ya yi haɗari. Shugabar nan, wadda kowa ke kira Madam, daga wata ƙasar masu Ingilishi ta zo, Faransancinta kuma bai wuce na gaisuwa da sayen mangwaro ba. Ta fito ta ga mota a farfashe, ta tambaye shi me ya buga. Shi kuwa yana taƙama da Ingilishin da ya tsinta a tashoshin Najeriya zamanin da yake jan kamyo, babbar motar kaya, sai ya ce mata, "Tanda fall for motor, Madam." Ta ce masa thunder ƙara ce, ƙara kuwa ba ta fasa mota. Ya ce ya rantse mata da aradu, sakatariya ta ƙi fassarawa.

Dokar biron a rubuce take: direban da ya yi haɗari ana iya yafe masa, amma wanda ya yi haɗari ya ɓoye, ya ajiye makulli. Yanzu ga saƙo da hannunsa yana cewa haɗari, ga mota a fashe, ga shi da bakinsa yana cewa ƙara ce ta yi. An ce ya zo ran Alhamis da safe ya yi bayani na ƙarshe. Aikin nan shi ke riƙe da gidansa, shi ke riƙe da tsohuwarsu a ƙauye, kuma a Yamai direbobi masu jiran irin wannan kujera sun fi motocin yawa.

Mai ɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, shekara talatin kana soya tanda da ƴaƴan mutane. Yau ga naka ya zo."

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Ba daɗin wahalarsa ba, daɗin likitan da ya ƙware a wata cuta wadda ba kowa ke yi ba, sai ga majiyyaci har gida. Na sauko da babban ƙamus ɗina, na sa aka fito da tebur tsakar gida, na ce ya dawo gobe da safe da kaye da alƙalami.

Laraba muka wuni. Kuskurena shi ne na malamai duka: an tambaye ni kofi guda, na kawo tulu. Na fara masa da thunderclap, tsawa guda mai fashewa. Na wuce thunderstorm, hadari mai tsawa. Na kai shi thunderbolt, wadda ita ce ta fi kusa da aradu, amma na gargaɗe shi cewa ta tsufa, yanzu sai a littattafai. Na ja masa kunne kada ya kuskura ya ce shi thunderstruck ne, domin ma'anarta kawai mutum ya sha mamaki.

Ya ajiye alƙalami ya ce, "Wato Mushe, in aradu ta faɗa wa Bature, mamaki kawai yake yi?"

Na ce ba ni na tsara harshen ba, koyarwa kawai aka ɗauke ni.

Da muka zo kan storm sai ya farfaɗo, ya ce wannan ya san ta. A bironsu manya kan shiga ɗakin taro su rufe ƙofa su yi abin da suke kira brainstorm, a kai musu kofi da biskit, su fito bayan awa uku a gajiye. Shi ya ɗauka wata lalura ce ta masu ilimi, shi ya sa ba ya tambaya. Na bayyana masa cewa zama ne na zuba shawarwari, kowa ya faɗi abin da ya zo masa a ka. Ya ce to ya gane, hadari ne na ƙwaƙwalwa, kuma shekara shida yana gani yana haɗuwa bai taɓa ganin ya zubar da ruwa ba.

Sai furuci. Na nuna masa yadda ake sa harshe tsakanin haƙora a hura iska kafin thunder ta fito daidai. Ya kalle ni da kyau ya ce in sake. Na sake. Ya ce shi da girmansa ba zai tsaya gaban mace mai furfura, wadda aikinsa ke hannunta, ya yi mata gwalo ba, ko da kuwa Ingilishin zai mutu.

Azahar ta yi, kaye ya cika shafi huɗu, mutumin kuwa ya fi yadda ya zo ruɗewa. Mai ɗakina, wadda ke tsince shinkafa a ƙofar madafa tana jin mu, ta ce in ba shi jimla guda tak wadda zai faɗa ya tsira, sauran in ajiye wa jikoki. Na ji zafin maganar, amma na rubuta: Lightning struck the tree, and the branch fell on the car. Duk ya iya, har da struck, wadda ke kayar da ƴan ajin ƙarshe. Kalmar farko ce ta ƙi zama. Ya ce laitin, ya ce lantarin, ya ce wani abu mai kama da sunan magani.

Daga ƙofar madafa aka ce, "Ai kamar Litinin take. Ka tuna Litinin, ka ɗan buɗe baki."

Ya gwada, ta fito sumul. Na gyara tabarau na shaida musu cewa wannan sananniyar dabara ce a fannin koyarwa, ina dab da kawo ta ke nan aka riga ni. Ya maimaita jimlar sau ashirin, ya tafi yana faɗinta a kan babur. An kuma yarda in raka shi a matsayin tafinta.

Alhamis na sa kwat ɗina ta ranar rabon sakamako. A biron, sanyin na'ura ya sa ƙafata ta tuna da ciwonta. Madam doguwa ce siririya, da takalmin fata irin na makiyaya, da fara'a wadda ba ta hana ta kallon mutum cikin ido. Sakatariya na gefenta, matashiyar mace haifaffiyar Yamai, Zabarmanci a gida, Faransanci a lekwal wurin karatun boko, Hausa a kasuwa. Madam ta miƙo mini hannu ta yi magana mai ɗan tsawo. Na kama kalmar farko, na kama ta ƙarshe, na tsakiya suka wuce kamar taksin da ya cika. Ingilishina na littafi ne da na kaset, inda wani bawan Allah ke tambayar hanyar gidan waya a hankali, ya jira ka maimaita. Ban taɓa sanin masu harshen suna haɗiye rabinsa ba. Na ce mata, "Indeed." Kalmar nan ta sha fitar da ni kunya, ranar ma ba ta yi ƙasa a gwiwa ba.

Da na roƙe ta ta rage gudu, sai muka fara fahimtar juna. Akwai farin allo a bango, ina ganinsa jinina ya dawo jikina. Na rubuta hadari, na rubuta haɗari a ƙarƙashinsa, na zagaye ƴar lanƙwasar da ke kan harafin na biyu. Na ce wannan ƙugiya ita ce tsakanin ruwan sama da gadon asibiti, wayar direba kuwa ba ta da ita, kowanne ya nufa haka zai fito. Na furta mata su biyun sau uku. Ta ce ita duk ɗaya take ji. Sakatariya ta ce ita ma haka, kuma shekara nawa tana ciniki da Hausa a kasuwa ba wanda ya taɓa ce mata ta manta ƙugiya. Madam ta yi dariya, ta rubuta wani abu, ta ce maganar saƙo ta wuce. Saura gilashi. Wannan kuwa daga bakin direban take son ji, ba daga nawa ba.

Ya miƙe tsaye, ya kai hannuwa baya kamar ɗan aji ɗaya, ya share murya.

"Monday struck the tree, and the branch fell on the car."

Allah ya gani, abin da na fara ji alfahari ne, domin struck ta fito ba tangarɗa. Sai daga baya kunnena ya kai wa ƙwaƙwalwata rahoton kalmar farko. Ya tuna Litinin kamar yadda aka ce masa, sai dai ladabi ya sa ya fassara ta.

Madam ta ce ta san ran Litinin ne, tambayarta ita ce me ya bugi itacen. Ya dube ni. Na motsa masa leɓe. Ya gyaɗa kai alamar ya gane, ya ƙara ƙarfin murya ya ce, "Monday, Madam." Da ya ga fuskarta ba ta sake ba, sai ya watsar da karatun jiya gaba ɗaya ya koma gida, ya ce tanda.

Na shiga tsakani na fara bayanin yadda sunan rana a Hausa ya yi kama da sunan walƙiya a Ingilishi, da yadda aka yi a tsakar gidana, har na ambaci shinkafa. Ina magana ina jin kaina, kuma ko ni da na san gaskiya ce, kamar ƙarya take fita. Madam ta daina murmushi. Kallon da ta yi mini na san shi, shi nake yi wa uban da ya zo rantsuwa cewa ɗansa ne ya yi aikin gida da kansa. Ta ce ba ta son zaluntar kowa, amma ba abin da ke gabanta sai kalmomi, kalmomin kuma kullum canzawa suke. Ta ce ya ajiye makullin a kan tebur tukuna, za ta yi shawara.

Ya zaro shi daga aljihu ya ajiye a hankali. Can ya ce da Hausa, ba da kowa yake ba, in ba ta yarda ba ai reshen yana can, ta je ta gani. Na ce masa ya yi shiru kada ya ƙara jagula lamarin. Kwana uku, a garin da ake sayen itacen girki ƙwaya-ƙwaya? Reshen nan ya daɗe da dafa wa wani tuwo.

Sakatariya, wadda tun maganar ƙugiya ta ɗaure fuska, ta juyo ta tambaye shi ƙasa-ƙasa ko ya tabbata aradu ce, ba iska ba. Ya ce ya ga wutar da idonsa. Ta ce, "To yana nan." Ta juya ga Madam ta yi mata bayani da Faransanci mai taku ɗaya-ɗaya, cewa a garin nan abin da aradu ta taɓa ba mai kai masa hannu, sai Sarkawa mutanen kogi sun zo sun yayyafa abin da suke yayyafawa. Ni ma na san da haka tun ina yaro. Karatu ne ya sa na ajiye shi a wani lungu, tare da sauran abubuwan da mai kwat bai kamata ya sani ba.

Madam ta ɗauki makullin wata motar ta ce mu je. Da yake direba ba shi da izinin tuƙi a wannan sa'a, ita ta ja. Ya zauna a gaba yana taka birkin da babu, yana salati a kowace mahaɗa, mu biyu muna baya.

Tun daga nesa muka hango shi. Reshe ne kamar kaurin mutum biyu, kwance ya cinye rabin hanya, ganyensa ya fara bushewa. Taksi da babura suna kauce masa cikin ladabi, har sun fitar da sabuwar hanya a cikin yashi. Jikin bedin ya tsage, da baƙin layi tun daga sama har ƙasa, ga ɓarɓashin gilashi yana ƙyalli a gindinsa. Taku goma daga wurin wata dattijuwa tana tuyar ƙosai, tana tura wa wutarta yagaggen kwali da wani siririn kara guda.

Madam ta ce in tambaye ta me ya hana ta ɗibar itace ga shi a banza. Na tambaya. Dattijuwar ta dube ni daga tabarau har takalmi ta ce, "Kai ne mai ilimin? Ɗiba mana, Alhaji, na ba ka kyauta."

Na ce kwat ɗina ba ta son dauɗa.

Madam ta zagaya itacen, ta ɗaga kai ta bi baƙin layin da ido, sannan ta miƙa hannu za ta shafa. Mu huɗu muka hana ta a lokaci guda, cikin harsuna uku, kuma in faɗi gaskiya muryata ce ta fi fita. Ta janye hannun. Sannan ta faɗi kalma guda, wadda a duk ranar ita kaɗai na ji daga farkonta har ƙarshenta: "Lightning."

Ƙanin mai ɗakina ya juyo gare ni ya ce, "Ka ji, Mushe. Abin da nake ta faɗa tun safe."

Shi ya tuƙo mu muka dawo. An ba shi takardar gargaɗi saboda fakewa ƙarƙashin itace lokacin hadari, wadda ya karɓa da hannu biyu kamar lambar yabo, aka mayar masa da makullinsa. Motar ta yi kwana biyar a gareji ta fito da sabon gilashi. Sai dai kafin ya fara fita da ita, ya biya da ita Bobiel cin abincin rana, matarsa kuwa ta ji daga maƙwabta cewa nono ke kashe dafin aradu. Ta ɗaga shimfiɗun ƙafa ta yayyafa, ta zuba har ƙarƙashin kujeru, ta mayar ta rufe. Shi mutumin sahun gaba ne a masallaci, ya ce bai san an yi ba, ko da yake yaransa sun ce shi ya buɗe mata ƙofofin.

Zafin Yamai bai ɓata lokaci ba. Bayan sati guda sai ga shi ya zo mini da sabuwar buƙata: Madam kullum ta shiga motar sai ta buɗe taga ta tambaye shi warin mene ne, yana son Ingilishin da zai yi mata bayani dalla-dalla, tun daga aradu har zuwa saniya. Na yi tunanin kalmomin da za a buƙata, na yi tunanin wanda zai faɗe su. Na ce ya ce mata bai sani ba. Wannan jimlar ya iya ta tun a tasha, kuma ita ya yi ta faɗa kowace safiya har kaka ta yi, warin ya gaji ya tafi.